Inna Ta Hana Auta Karɓar Ƙodar Mamaci

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a yankin Hadeja. Autanmu ya tafi karatu Ingila, ya samu aiki ya zauna can. Shekara uku ke nan ƙodojinsa sun daina aiki, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, an kuma sa shi cikin masu jiran dashe. A watan jiya cikin dare asibiti suka kira shi, suka ce an samu ƙodar wani da ya rasu wadda ta dace da jikinsa, amma ta samu rauni a kwanakin da mai ita ya yi a kwance kafin ya cika. Likitan ya ce shi a ganinsa ya karɓa. Auta ya kira gida. Inna ta fashe da kuka, ta ce ba da yawunta za a sa masa kayan gawa a ciki ba, balle wanda ya riga ya lalace. Kawu ya ce ai ragowar da Turawa suka ƙi ce suke ba baƙar fata. Auta ya ce wa likita ya haƙura. Yanzu Kawu na cewa ya dawo gida, akwai wanda ya san hanyar samun yaro mai lafiya da zai bayar in an sallame shi. Ni na ce zan ba shi tawa, amma ina fama da hawan jini tun haihuwata ta ƙarshe. Anti, ba na barci. In aka sake kiransa me zai ce? Ta yaya kuma zan tunkari Inna ba tare da na saɓa mata ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Auta lafiya, ya sa wahalar da yake sha ta zama kaffara, ke kuma ya saka miki da wannan ɗawainiya ta zumunci.

Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Idan aka sake kiransa da irin wannan tayi, likitan da zai yi masa aikin ya duba bayanan ƙodar ya ce ta yi masa, ni a ganina ya karɓa. Akwai ƙodojin da likitoci da kansu suke mayarwa tun labari bai kai kunnen mara lafiya ba. Wadda ta tsallake wannan tantancewa har aka ɗaga waya aka kira shi, yawanci ta fi masa zaman da yake yi a kan inji. Sai dai wannan amsa tawa ba za ta amfane shi da komai ba muddin hankalin Inna bai kwanta ba, domin ɗan da ya bar ƙoda sau ɗaya saboda kukan mahaifiyarsa zai sake bari. Don haka aikin yana hannunki, kuma tun yanzu za ki fara shi, kafin waya ta sake kaɗawa.

Ki fara da fahimtar abin da Inna ta ji a daren nan. Ku mutanen Hadeja ba baƙin ciwon ƙoda ba ne. An daɗe ana kuka da yawansa a yankinku da na Gashuwa, kuma ba mamaki Inna ta je gaisuwar mutuwar wanda ta gani da idonta ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta cika, aka sayar da gona aka yi ta kai shi Kano har ƙarfi ya ƙare. Wannan shi ne ciwon da ke cin ƙoda a hankali, shekara da shekaru, galibi ta dalilin hawan jini ko ciwon suga ko kumburin matatan ƙoda. Naman ƙodar yakan zama tabo, ta tsuke, kuma abin da ya zama tabo ba ya dawowa. Irinsa ne ya kwantar da Auta. Da aka ce wa Inna ƙoda mai rauni, wannan hoton ne ya zo mata. Wace uwa ce za ta yarda a cire wa ɗanta cuta a sa masa irinta?

Amma raunin da likitan ya ambata wani abu ne daban. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace matata da siririn bututunta da ke rarrabe abin da jiki zai riƙe da abin da zai fita a fitsari. Mutum lafiyayye ya yi haɗarin mota, ko jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman. Ya zubar da jini, bugun jininsa ya faɗi, wataƙila ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, ana ta ba shi magunguna masu ƙarfi. A cikin 'yan kwanakin nan jinin da ke isa ƙoda yakan yi ƙaranci, kuma bututun nan su suka fi jin jiki. Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikinsu sukan mutu su zube, fitsari ya ragu, datti ya taru a jini. Sai dai Allah ya yi su da wata baiwa, suna sake tofowa idan jini ya dawo yadda ya kamata. Ke da kika tashi a gidan noma kin san geron da ya yi yaushi saboda ruwa ya ɗauke kwana goma, ganye ya lanƙwashe kamar ya mutu, ana yin ruwa ɗaya ya miƙe. Kin kuma san wanda wuta-wuta ta cinye tun daga saiwa, wanda ko kwana aka yi ana ruwa ba zai yi kai ba.

Wannan ba a Turai kaɗai ake ganinsa ba. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa, fitsarinta ya ɗauke, a yi mata wanki sau biyu ko uku, ƙodarta ta farfaɗo ta koma gidanta ta ci gaba da renon ɗanta. Haka yaron da zazzabin cizon sauro ya yi wa mugun kamu, haka wanda amai da gudawa ya tsotse. Ki tambayi duk ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin haihuwa, za ta ba ki labari.

Likitoci suna auna wannan rauni da wani gwajin jini da ake kira kiriyatinin. In ya haura yadda yake a da sau ɗaya da rabi, mataki na 1 ke nan. In ya ninka sau biyu, mataki na 2. In ya ninka sau uku ko fiye, ko aka kai ga ɗora mutum a kan injin wanki, mataki na 3. Abin da suka fi dubawa shi ne yadda gwajin yake ranar da aka kawo mamacin asibiti. In a ranar yana daidai, to da ƙoda lafiyayya ya shigo, abin da ya same ta na kwanakin nan ne. Akwai kuma raunin da ya wuce bututu ya kashe naman ƙodar kansa, wanda ba ya warkewa, kuma shi suke nema su gano kafin dashe, ta hanyar duba ƙodar da ido, wani lokaci su gutsiro ɗan ƙanƙanin yanki su duba a na'ura.

To me ya faru da mutanen da aka dasa wa irin waɗannan ƙodoji? An bi sawunsu, kuma ba kaɗan ba. A 2020 masu bincike a Amurka, ciki har da likitocin Jami'ar Johns Hopkins, suka ɗauki mamata 6,722 da ƙodarsu ta yi irin wannan rauni, suka jera su da wasu 6,722 masu kama da su a shekaru da yanayin lafiya waɗanda tasu ba ta yi ba, suka duba makomar mutum sama da 25,000 da aka dasa wa ƙodojin ɓangarorin biyu. Bayan shekaru, ba su ga cewa ƙoda mai rauni ta fi saurin lalacewa ba. Inda bambanci ya fito shi ne makon farko. Kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka karɓi mai rauni sai da aka ci gaba da yi musu wanki na ɗan lokaci kafin ƙodar ta farka, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. A 2024 aka sake wani binciken a kan mafi tsananin yanayi, wato mamatan da sai da aka ɗora su a kan injin wanki kafin a cire ƙodarsu. Nan jinkirin farkawar ya kai kashi 59 cikin 100, idan aka gwada da kusan 25 a ƙodojin mamatan da ba a yi musu wanki ba. Amma da aka bi su wajen shekara uku, ba a samu wani bambanci na a zo a gani ba a aikin ƙodar, ko lalacewarta, ko mutuwar masu ɗauke da ita.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, kuma daga ƙasar da Auta yake zaune ya fito. A 2017 masu bincike na Oxford suka duba bayanan Birtaniya na 2003 zuwa 2013. Suka ga bayan shekara guda kashi 89 cikin 100 na ƙodoji masu rauni suna aiki, marasa rauni kuwa kashi 91. A mataki na 3 kuma, kashi 9 cikin 100 ba su taɓa farkawa ba sam, idan aka gwada da kashi 4 a marasa rauni. Shi ya sa suka ce a yi amfani da na mataki na 1 da na 2, a yi taka-tsantsan da na 3. Wato haɗari yana nan, kuma yana ƙaruwa da tsananin raunin. Duk wanda ya ce miki babu, bai gaya miki gaskiya ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, a daren nan ba ƙoda biyu aka ajiye wa Auta aka ce ya zaɓa ba, mai rauni da marar rauni. Ƙoda ɗaya ce, a ɗaya gefen kuma komawa kan inji zuwa ranar da Allah kaɗai ya sani. Injin wanki rahama ne, amma kaɗan yake yi daga aikin da ƙoda ke yi dare da rana. Ruwa yana taruwa tsakanin wanki da wanki, zuciya tana ɗaukar nauyi, jijiyoyin jini suna taurara, jini yana ƙaranci, ƙashi yana rauni. Ciwon zuciya shi ya fi kashe masu wankin ƙoda. Wani babban bincike na 1999 a Amurka ya nuna cewa duk da haɗarin ya fi yawa a makonnin farko bayan tiyata, in aka ɗauki dogon zango haɗarin mutuwar wanda aka dasa wa ƙodar mamaci ya ragu da kashi 68 cikin 100 a kan wanda ya ci gaba da jira. Kuma yawan shekarun da mutum ya yi a kan inji yana rage masa ribar dashen ko da ya samu daga baya. Akwai waɗanda suke ta jiran wadda ba ta da aibi har jikinsu ya yi raunin da ba zai ɗauki tiyata ba, a cire sunansu daga jerin masu jiran dashe. Wannan ne abin da ke tsorata ni game da ƙaninki, fiye da bambancin 89 da 91.

Ki gaya masa ya nemi zama da likitocinsa tun yanzu da rana tsaka, ba sai dare ya yi ana jiran amsarsa cikin mintoci ba. Su gaya masa irin ƙodar da suke ganin ta dace da shekarunsa da lafiyarsa, da irin wadda su da kansu za su ce ya bari. Ya rubuta tambayoyinsa ya ajiye kusa da gado. Shekarun mamacin nawa, yana da hawan jini ko suga? Yaya gwajinsa yake ranar da aka kawo shi, kuma raunin wane mataki ne? Yana fitar da fitsari har ƙarshe? Zuciyarsa ta tsaya kafin a cire ƙodar ko tana bugawa? Awa nawa ƙodar za ta yi a sanyi kafin a dasa? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin kowace awa da ta ƙaru tana ƙara jinkirin farkawa, kuma shi ya sa ba a iya jiran a tara dangi a yi shawara. Ƙodar matashi da ya shigo asibiti lafiya lau ta samu rauni na kwana uku, sau da yawa ta fi ƙodar dattijon da ya daɗe da hawan jini ko da gwajinsa bai motsa ba.

Maganar Kawu kuwa, kada ki yi mata dariya, kada kuma ki ce masa jahilci ne. Wanda ya san abin da baƙar fata ya gani a hannun Turawa ba zai rasa dalilin zargi ba. Gaskiya ne ma cewa a Birtaniya baƙaƙen fata sun fi daɗewa a jerin jira. Amma babban dalilin shi ne dacewar rukunin jini da nau'in ƙwayoyin jiki, waɗanda suka fi haɗuwa tsakanin mutane masu asali ɗaya, ga shi kuma masu bayarwa daga cikinmu ba su da yawa. Wannan ma dalili ne na kada Auta ya yi sakaci da tayin da ya dace da shi, domin ba kullum zai zo ba. Rabon ƙoda a can hukuma ɗaya ce ta ƙasa take yi da kwamfuta, bisa tsawon jira da dacewar jiki da shekaru. Ana dasa wa Turawa irin waɗannan ƙodoji kowace rana, kuma alƙaluman da na kawo miki yawancinsu a jikinsu aka tara su. Abin da likitocin duniya suke kuka da shi ma shi ne ana zubar da ƙodoji masu amfani saboda tsoro. Wani bincike na 2019 ya nuna tsakanin 2004 da 2014 Amurka ta zubar da kusan kashi 18 cikin 100 na ƙodojin mamata da aka cire, Faransa kuwa kusan kashi 9, alhali mutane suna mutuwa a jeri.

Sai batun addini, wanda na fi zaton shi ne asalin kukan Inna ko da ba ta faɗe shi haka ba. Malamai sun zauna a kan wannan tun da daɗewa. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta halatta shi a 1982. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta ce ya halatta a ɗauki gaɓa daga mamaci a dasa wa rayayye wanda rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya dogara da ita, da sharaɗin mamacin ya yarda kafin ya rasu ko magadansa sun yarda, kuma ba sayarwa aka yi ba. A Saudiyya kanta ana wannan aiki, da cibiya ta musamman a Riyad. Akwai malaman da suka hana, suna kafa hujja da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma ba a raina maganarsu. Waɗanda suka halatta sun ce hadisin yana hana wulaƙanta gawa ne, ceton rai kuwa Allah da kansa ya ce a Suratul Ma'ida wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane gaba ɗaya ne. Ki kuma tuna wa Inna cewa ba don Auta aka taɓa gawar kowa ba. Iyalan mamacin sun riga sun amince, cikin kukansu, kuma da ya ce a'a tayin ya wuce kan na bayansa. In tana tsoron halin mamacin ko addininsa ya bi ƙodar, ki tambaye ta a hankali ko ta taɓa jin an tambayi addinin mai jini kafin a yi wa mai haihuwa ƙarin jini. Ƙoda matata ce, imani yana zuciyar Auta.

Hanyar da Kawu ya kawo ita ce ba ni da sassauci a kanta. Fatawar da ta halatta kyauta ita ce ta haramta ciniki, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana sayar da gaɓar ɗan Adam a Najeriya. Yaron da ake cewa za a sallama ɗan wata uwa ce kamar Inna, talauci ne zai kai shi teburin tiyata, dillali ya kwashe mafi yawan kuɗin, shi kuma ya koma gona ko acaɓa da ƙoda ɗaya ba mai duba shi. Duk mun ji yadda ta ƙare wa Sanata Ike Ekweremadu a kotun Landan a 2023, ɗaurin fiye da shekara tara, a kan yunƙurin samar wa 'yarsa ƙodar wani matashi daga Legas. Dokar ƙasar da Auta yake zaune tana iya kama mazauninta ko da a waje ya yi cinikin. Dashen halal kuwa ana yin sa a gida. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yi tun 2002, daga rayayyun masu bayarwa, domin tsarin karɓa daga mamata bai kafu a ƙasarmu ba. Amma wanda ke da gurbi a jerin jira, da likitocin da suka san jikinsa, da hanyar samun magani ba yankewa, ba zan ba shi shawarar ya bar duk wannan ya taho ba.

Tayin da kika yi na ba shi taki ya taɓa ni. Gaskiya ne ƙodar ɗan'uwa rayayye ita ta fi kowace daɗewa. Amma mace mai hawan jini, mai ƙananan yara, wadda ɗan'uwanta na ciki ɗaya ya rasa ƙodojinsa yana matashi, likitoci za su yi dogon nazari kafin su taɓa ta, kuma akwai yiwuwar su ce a'a. In sun faɗa, ki karɓa, kada ki ɓoye musu komai don ki tsallake gwaji. In akwai wani cikin 'yan'uwa mai cikakkiyar lafiya da zuciyarsa ta ba shi ba tare da an matsa masa ba, Auta ya gaya wa asibitinsa, suna da tsarin da ɗan'uwa zai je daga waje ya bayar. Hakan ba ya hana shi ci gaba da zama a jeri.

Yanzu Inna. Kada ki je mata da lissafin kashi kaza cikin ɗari, kuma kada ki kuskura ki ce mata ita ta sa ya rasa waccan. In kika faɗi haka kin ɗora mata abin da za ta kwana da shi har ƙarshen rayuwarta, ga shi kuma za ta ƙara kafewa don kare kanta. Ki same ta ku biyu, bayan ta idar da sallar asuba tana kan darduma, lokacin da gida bai cika ba. Ki tambaye ta me ta fi tsoro, ki yi shiru ki saurara har ta gama. Sannan ki ba ta labarin mai haihuwar da fitsarinta ya ɗauke ya dawo. Batun halacci kuma kada ya fito daga bakinki, ki nemi limamin da take jin maganarsa ko malamar Islamiyyarsu, ki fara yi musu bayani, su zo su gaishe ta.

Akwai kuma wani abu da nake zargi. Auta ba ya kiran Inna ranar wanki. Yakan jira sai washegari da ya ɗan farfaɗo, ya sa riga mai dogon hannu, ya yi mata dariya ya ce da sauƙi. Haka 'ya'yan kirki suke yi, kuma ta haka suke hana iyayensu ganin gaskiya. A tunanin Inna ɗanta yana nan lafiya sai ɗan zuwa asibiti, wasu kuma suna so su farke masa ciki su sa masa abin gawa. Ki roƙe shi ya kira ta ta bidiyo daga kan kujerar wanki, ta ga allurai biyu a hannunsa, ta ga jininsa yana zagayawa cikin roba awa huɗu, ya gaya mata da bakinsa cewa ruwan sha ma a ƙididdige yake shan sa. Zai yi mata zafi, amma haƙƙinta ne ta sani. Bayan nan sai shi da kansa ya roƙe ta, ba ke ba. Ya ce, “Inna, ki sa mini albarka, duk ranar da likitana ya ga wadda ta dace da ni in karɓa ba sai na tashe ki cikin dare ba.” Albarkar da aka bayar tun da wuri ita ce za ta raba shi da zaɓi tsakanin ransa da biyayyar mahaifiya. Kawu kuma a ba shi girmansa. Auta ya kira shi shi kaɗai ya yi masa bayani, ya nemi ya zama shi ne zai tara mutane a yi addu'a ranar aikin.

Ki kuma shirya su ga abin da zai biyo bayan tiyatar, domin nan ne gida zai iya rikicewa. Da irin wannan ƙoda, abu ne mai yiwuwa ƙwarai a kira ku kwana biyu bayan aiki a ce an sake ɗora shi a kan inji, fitsari bai zo ba. In ba a gaya wa Inna tun farko ba, za ta ce ga abin da ta guda, Kawu ya ce ai ya faɗa, labari ya zaga ƙauye cewa dashe bai yi ba. Alhali ƙodar tana gyara kanta ne, kuma hakan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu ko fiye. Likitoci za su riƙa ɗaukar hoton ƙodar su ga jini yana shiga, wataƙila su gutsiro ɗan yanki da allura don su tabbatar jiki bai fara ƙin ta ba. Ki gaya mata wannan yau, da kalmomin da za ta riƙe, ki maimaita mata ranar aikin. Bayan an sallame shi zai sha magungunan da ke danne garkuwar jiki muddin ƙodar tana jikinsa, irin su takrolimus, ba fashi ko na kwana ɗaya. Kada kowa ya aika masa da jiƙo ko saiwa ko garin magani daga gida, domin wasu tsirrai suna hautsina yawan maganin a jini, wasu kuma kai tsaye suke cutar ƙoda. Wanda ke son taimaka masa ya yi sadaka, ya yi masa addu'a.

Ke kuma, a makon nan ki je babban asibiti a Hadeja a auna jininki, a gwada fitsarinki a ga ko furotin yana fita, a yi miki gwajin kiriyatinin, ki ja sauran 'yan ɗakinku su ma a duba su. Ki riƙa shan maganin hawan jininki kullum ko kina jin garau, ki rage gishiri da dunƙule a miya, ki kuma bar haɗin maganin ciwon jiki na kemis, musamman masu diklofenak da ibuprofen. Allah ya sa a kira shi da alheri.